Gaɓar da Yatsa Ke Ji: Yadda Maganaɗisu Ya Shiga Tayar Maus

A Samaru, da zarar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun fara kawo kundin bincikensu na kammala karatu, manuniyata ta dama ba ta ƙara samun hutu. Gyaran tsarin kundi nake yi: in daidaita babi, in bi lambar shafi, in tabbatar jadawalin da ke shafi na 40 shi ne aka ambata a shafi na 170. Duk wannan hawa da sauka a wuyan 'yar tayar nan yake, wadda ke tsakiyar maus, wato linzamin kwamfuta. A ce kundi shafi 200 ne, kowane shafi layi 25, layi 5,000 ke nan. Windows kuwa, in ba a taɓa saitinta ba, layi 3 take gangarawa a kowace gaɓa ta taya. Kafin mutum ya kai ƙarshen kundin ya murza gaɓa sama da 1,600, taya mai gaɓa 24 ta zagaya wajen sau 70. Zuwa kaɗai ke nan, ba a yi maganar dawowa ba.

A hunturun da ya wuce tayar ta fara yi mini gardama. In gangara ƙasa, shafi ya yi tsalle ya koma sama, in sake murzawa ya tsaya cak. Na kai ta wajen wani mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari. Ya kwance ta, ya ɗaga murfin, ya murza tayar daf da kunnena. Ƙas, ƙas, ƙas, tana nan kamar ranar da na saye ta.

"Ka ji ko, Malam? Gaɓarta lafiya lau take. Ƙirgarta ce ta rikice."

"Ashe ba abu ɗaya ba ne, Injiniya?"

"Gidansu ɗaya, amma kowa da aikinsa."

A kan wannan magana tasa duk bayanin nan zai rataya. Tayar maus aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana gaya wa kwamfuta nawa aka murza kuma ta wane ɓangare, sannan tana gaya wa yatsa cewa an yi taku ɗaya. Kwamfuta ba ruwanta da ƙas-ƙas ɗin nan, don mutum aka sa shi. Duk wanda ya raba waɗannan biyu a ransa zai gane abin da maganaɗisu ya zo ya gyara, ya kuma gane abin da ya bari yadda yake, domin masu talla sun fi so a haɗa su a dunƙule.

Maus ɗin da Douglas Engelbart ya nuna wa duniya a San Francisco a watan Disamba na 1968 yana da tayoyi, amma a ƙarƙashinsa suke, aikinsu auna motsi a kan tebur. Tayar sama ta gangara shafi sai a 1995 ta fito kasuwa a jikin Genius EasyScroll, sannan Microsoft IntelliMouse na 1996 ya yaɗa ta ko'ina. Tun daga nan mafi yawan masu araha tsari ɗaya suke bi. Sandar tayar tana shiga wani ɗan akwati da bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, wanda aka like da dalma a kan allon lantarkin. A cikinsa akwai ɗan faifai mai zanen ƙarfe, da 'yan faratan ƙarfe da ke gogarsa. Biyu daga cikin faratan su ne masu kai rahoto, kuma an jera su yadda ɗaya zai riga ɗaya taɓa ƙarfen. Misalinsa mutum biyu ne, ɗaya a Kwangila ɗaya a PZ. In mota ta wuce na Kwangila kafin na PZ, daga wajen Samaru ta fito. In na PZ ta fara wucewa, can ta nufa. Da wanda ya riga wani ake gane gaba da baya. To idan ƙura ta cakuɗa da giris ɗin ciki, ko ƙarfen ya yi dauɗa, sai farce ɗaya ya taɓa ya saki ya sake taɓawa, rahoto ya zo a hargitse, kwamfuta ta ɗauka an juya baya. Ciwon maus ɗina ke nan.

A ɗaya fuskar faifan kuma akwai tudu da kwari a jere, galibi guda 24, wato gaɓa ɗaya a kowane digiri 15. Wani siririn sifirin yana danne a kansu. In ka murza, sifirin ya hau tudu, ka ji tauri, ya faɗa kwari, ka ji ƙas. Kamfanoni irin su Alps na Jafan da TTC da Kailh na Sin suna ƙera waɗannan akwatuna ba adadi. Akwai kuma masu ƙirga da haske, inda taya mai tsaga-tsaga ke gifta tsakanin 'yar fitila da idon da ke kallonta. Waɗannan ba su da faratan da za su ci, amma gaɓarsu dai sifirin ce ke gogar roba, kuma duk abin da ake goga yana cinyewa.

Mai karatu zai iya cewa, in gaɓar nan ce ke kawo guga da ƙara, me zai hana a cire ta a huta? Wanda ya saba jan carbi ya san amsar. Ba ya kallon 'ya'yan carbin, bakinsa na zikiri, idonsa na wani wuri, amma yatsansa ya san ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, har ya taɓa shaida ya san ya kai 33. A ba shi zare santal babu ƙwaya ko ɗaya, dole ya koma ƙirga da ka, hankalinsa ya rabu biyu. Fatar yatsa tana da jijiyoyin da aikinsu ke nan. Wasu suna jin dannawa a hankali, wasu kuma, waɗanda ake kira da sunan Pacini, sun fi kama girgiza mai sauri, wajen kaɗawa 250 a daƙiƙa. Gaɓar taya da su take magana kai tsaye, ba sai ido ya shiga tsakani ba. Tana kuma riƙe tayar kada ta motsa da kanta idan an ɗaga maus ko an bugi tebur, ko lokacin da aka danna ta a matsayin maɓalli na uku.

Sai dai abin da ya yi wa mai duba layi-layi daɗi, shi ne ke gajiyar da mai son tsallaka shafi 100. Buƙatu biyu ne masu karo da juna a taya ɗaya: a wani lokaci ana son ta riƙe, a wani lokaci ana son ta saki. Logitech, kamfanin da aka kafa a Suwizalan a 1981, ya fito da MX Revolution a 2006 don ya raba wannan gardama. Tayarsa ƙarfe ce mai nauyi, kuma akwai wata 'yar mota a ciki, wato ƙaramin injin lantarki mai juyawa, da ke janye abin da ke danne haƙoran, sai taya ta yi ta gudu ita kaɗai, har daƙiƙa 7 a cewar kamfanin. In ka murza da ƙarfi ta saki, in ta lafa ta sake kamawa. A wasu samfuran da suka biyo baya, irin G502, maɓalli ne a bayan taya kake dannawa da hannu. Dabara ce mai kyau, amma tsugune ba ta ƙare ba, domin an ƙara kayan da ke motsi ne: mota, hannu, sifirin, haƙora. Kowannensu yana da ranar lalacewarsa, ga kuma ƙara idan ofis ya yi tsit.

A nan maganaɗisu ya shigo, kuma asalin dabarar duk yaron da ya taɓa fasa tsohuwar lasifika ya ciro mayen ƙarfen ciki ya san ta. In ka kawo ƙusa kusa da shi ka ja ta a gefe, za ka ji tana son komawa daidai saitinsa. Masu naɗin koyil ma sun san ta: akwai ƙananan motoci masu maganaɗisu a ciki da in ka murza sandarsu da hannu, babu wuta, za ka ji tana tafiya tana tsayawa daki-daki. Injiniyoyin irin waɗannan motoci suna ɗaukar wannan a matsayin aibi, suna ta neman hanyar rage shi. Masu ƙera taya kuwa shi suke nema ido rufe.

Ga yadda abin yake. Jan maganaɗisu kamar ruwan ban-ruwa yake a fadama, hanya mafi sauƙi yake bi. Ƙarfe lambatu ne a wajensa, iska kuma tudu ce. Sai a ƙera tayar da ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, a yanka mata haƙora a zagayen cikinta. A tsakiya, a wurin da ba ya juyawa, a kafa maganaɗisu mai bakin ƙarfe, shi ma da nasa haƙoran, suna fuskantar na tayar, da 'yar rata siririya a tsakani yadda ba za su taɓa juna ba. Idan haƙori ya yi saiti da haƙori, ratar iska ta yi ƙanƙanta, jan ya samu hanyarsa, taya ta zauna daram. In ka murza, kana raba haƙoran ne, maganaɗisu kuma yana jan su baya, shi ne taurin da kake ji. Da ka wuce rabin hanya sai haƙori na gaba ya fi kusa, jan ya juya ya koma gaba, taya ta faɗa mazauni na gaba da kanta. Tudu da kwarin nan na sifirin sun dawo, amma yanzu a cikin iska suke. Babu abin da ya gogi wani, babu abin da zai cinye, ƙarar ma sai ka kasa kunne.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ba a cika faɗinsa ba. Ƙarfin da ka kashe wajen hawa tudun maganaɗisu, kusan dukkansa ake mayar maka wajen gangarowa. Asarar kaɗan ce, ta ɗan ɗumin da ke tasowa a cikin ƙarfen. Sifirin kuwa guga na cinye wani kaso a kowace gaɓa. Shi ya sa taya mai nauyi ta maganaɗisu, ko tana cikin yanayin gaɓa, in ka ɗan cilla ta sai ta tsallake gaɓoɓi da dama kafin ta zauna. Kuma jan yana ƙaruwa yana raguwa ne a hankali, babu kaifin nan na faɗawa rami. Mai karanta dogon rubutu wannan laushin yake so. Mai wasan kwamfuta da ke son gaɓa ɗaya tak ta canza masa makami, ba biyu ba, sau da yawa ya fi yarda da tsohuwar mai kaifi. Ban ga laifin kowannensu ba, yatsun ne ba aikinsu ɗaya ba.

To yaya za a saki tayar ta yi gudu, alhali maganaɗisu ba a kashe shi kamar fitila? A nan gizo ke saƙar. Hanya ta farko da za ta zo wa mutum ita ce a yi amfani da koyil: a ba shi wuta ya zama maganaɗisu, a ɗauke ya saki. Amma maus mara waya da ɗan batir yake rayuwa, kuma mafi yawan lokacinsa a yanayin gaɓa yake. Koyil da zai riƙe taya daga safe zuwa dare zai shanye batirin tun ba a je ko'ina ba. Hanya ta biyu ita ce a matsar da maganaɗisun nesa da 'yar mota, wato an koma gidan jiya.

Mafitar wani irin haɗi ne na maganaɗisu biyu masu hali daban. Ɗaya na niyodimiyam ne, irin wanda Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Jafan da John Croat a General Motors na Amurka suka gano, kowa a nasa ɓangaren, a farkon shekarun 1980. Wannan mai taurin kai ne, in ya fuskanci arewa ya fuskanta ke nan. Ɗayan alniko ne, gamin alminiyam da nikel da kobal da ƙarfe, wanda asalinsa ya koma ga aikin Tokushichi Mishima a Jafan a 1931. Ƙarfin jansu bai yi nisa da juna ba, amma abin da ake buƙata kafin a juya kan niyodimiyam ya ninka na alniko wajen sau 20. Sai a jera su gefe da gefe, a haɗe kawunansu da ƙarfe sama da ƙasa, a naɗa musu koyil. A saki bugun lantarki guda ɗaya, gajere ƙwarai, wanda ya isa ya juya alniko amma bai isa ya taɓa niyodimiyam ba. Idan su biyun suka fuskanci gefe ɗaya, kamar lambatu biyu ne da ke turo ruwa wuri guda, dole jan ya fita waje, ya bi ta haƙora ya kama taya. Idan aka juya alniko, arewar wannan ta haɗu da kudun wancan, sai jan ya yi ta zagaye tsakaninsu a cikin gida, kusan babu abin da ke fita, taya ta samu 'yanci. Abin da ya fi burge ni shi ne bayan bugun nan ba a ƙara buƙatar wuta. Ko wane hali aka bar shi a ciki, nan zai zauna har sai an sake buga shi. Wuta ta canji ce kawai.

Ba don maus aka ƙirƙiro wannan ba. Masana'antu sun daɗe suna ɗaga faifan ƙarfe mai nauyi da irinsa, suna kuma riƙe ƙarfe da shi a kan injin yanka, saboda ko an ɗauke wuta kayan ba zai suɓuce ya faɗo kan ma'aikaci ba. Ƙanƙanta shi har ya shige cikin taya shi ne sabon abu. Logitech ya yi hakan a MX Master 3 da ya fito a watan Satumba na 2019, ya kira tayar MagSpeed, ya ce tana iya gangara layi 1,000 a daƙiƙa ɗaya, batirin kuma yana kai kwana 70 a caji guda. Daga baya ta shiga MX Anywhere 3 a 2020 da MX Master 3S a 2022. Na'urar ciki tana lura da saurin tayar: in ka cilla ta, a buga koyil ta saki, in ta rage gudu, a sake bugawa ta kama. Akwai kuma maɓalli ga mai son ya zaɓa da kansa.

Yanzu a koma maganar Injiniya. Duk wannan bayani a kan gaɓa yake, wato ɓangaren yatsa. Ƙirga aikinta daban, kuma ita ce ta kai ni Sabon Gari. Ita ma maganaɗisu yana da abin da zai yi mata, ta wata hanya dabam. A 1879 Edwin Hall, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins, ya gano cewa idan lantarki na bi ta cikin siririn ƙarfe aka kawo maganaɗisu, sai lantarkin ya karkata gefe, kuma ana iya auna karkatar. Yau ana yin 'yan ƙananan ma'aunai a kan wannan. A manna maganaɗisu a jikin sandar taya, a ajiye ma'aunin kusa da shi, zai faɗi daidai inda tayar ta fuskanta ba tare da ya taɓa ta ba, kuma ƙurar ƙasa ba ta tare jan maganaɗisu yadda take tare haske ko ta shiga tsakanin farce da faifai. Abin lura shi ne, maus na iya samun gaɓar maganaɗisu, ko ƙirgar maganaɗisu, ko duka biyun. Ganin kalmar a jikin kwali bai isa ya gaya maka wanne ake nufi ba.

Raba ƙirga da gaɓa yana da riba, yana kuma da wahalarsa. Ribar ita ce ana iya ƙirga abin da bai kai gaɓa ɗaya ba. Tun farko Microsoft ta tsara cewa gaɓa ɗaya lamba 120 ce a wajen Windows, ba 1 ba, don a bar wa tayoyin gaba damar aiko rabi ko kwata ko ɗaya bisa takwas, tunda 120 na rabuwa gida-gida ba saura. Linux ma, wadda babbar manhajar kwamfuta ce irin Windows, ta ɗauki wannan ma'auni a fitowarta ta 5.0 a 2019. Da haka shafi ke tafiya sumul maimakon tsalle-tsalle. Wahalar kuma, a tsohon akwati gaɓa da ƙirga a faifai ɗaya suke, ba yadda za a yi su saɓa muddin faratan na taɓa ƙarfen daidai. A sabon tsari manhajar cikin maus ce za ta daidaita su, ta san cewa ɗan lilon da taya ke yi kafin ta zauna a mazauninta ba umarni ba ne. In ba a kyautata wannan ba, sai yatsa ya ji taku ɗaya ido ya ga ɗaya da ɗoriya, ko shafi ya ɗan motsa bayan an ɗauke hannu. Ga mai gyaran kundi wannan ya fi ƙara ciwo, domin amanar da ke tsakanin yatsa da ido ita ce amfanin gaɓar gaba ɗaya.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ake bi. Ɗaya ta wani mai ne da aka cakuɗa da garin ƙarfe mai laushi, wanda Jacob Rabinow ya fito da shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. In aka sa masa maganaɗisu sai garin ya jeru ya yi sarƙa, man ya yi kauri nan take, in aka ɗauke ya koma ruwa. An sa shi a shokzobar motar Cadillac Seville STS a 2002, ana kuma yin maɓallan murzawa da shi. Birki ne da ake kamawa a saki da sauri, don haka ana iya tsara gaɓa 10 ko 50 ko bango da taya ba za ta wuce ba. Sai dai birki ba ya tura taya gaba, kuma kowace gaɓa sai ta ci wuta. Ɗayar hanyar ita ce a sa mota sukutum, irin mara burushi da ke daidaita kyamara, tare da ma'aunin juyi, manhaja ta riƙa turawa da ja tana kwaikwayon duk irin gaɓar da aka ga dama. Scott Bezek ya yi wani maɓalli a kan wannan tsari mai suna SmartKnob, ya saki zanensa kyauta a intanet. Wannan ya fi kowanne iya canza hali, ya kuma fi kowanne cin wuta da wuri. Tayar haƙoran ƙarfe ba ta da wannan sassaucin, adadin gaɓarta an riga an yanka shi a ƙarfe, amma ita ce ta dace da ɗan batir.

Idan aka kawo maganar gida Zariya, ni dai ga yadda nake auna ta. Zafinmu na Maris da Afrilu ba zai dami maganaɗisun ba, domin niyodimiyam na yau da kullum sai ya haura digiri 80 yake fara rasa ƙarfi, sai fa in an bar shi a gaban mota a rufe cikin rana. Ƙurar hunturu ma yawancinta ƙasa ce da ba ya ja. Wadda za a yi hattara da ita ita ce garin ƙarfe. Shagon da ke maƙwabtaka da mai walda ko mai wasa ƙarfe, garin nan na tashi a iska, kuma maganaɗisu zai tattara shi ya kai shi daidai siririyar ratar da komai ya dogara a kanta. Tsohuwar taya ba ta kiran ƙura, wannan kuwa tana kiran irin tata. Sannan kada a manta taya ɗaya ce daga cikin kayan maus. Maɓallin hagu zai gaji ya fara danna biyu, batir zai tsufa, robar jiki za ta saɓule da gumi. Tayar na iya zama garau alhali sauran sun tafi.

Ga kuma gyara, wanda a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon akwatin ƙirga kowane mai gyara da ke da abin narka dalma zai cire shi ya sa wani, ko ya ciro daga mataccen maus, in dai tsayinsu ya zo ɗaya. Tayar maganaɗisu mai canza hali kuwa dunƙule guda ce ta kamfani ɗaya, da koyil ɗinta da abin buga mata wuta da manhajarta. In ta samu matsala, sai dai a nemi irinta sak. MX Master 3 ya shigo kasuwa a kan dala 99.99, kowa kuma ya san abin da dala ta zama a naira. Ga cibiyar jarrabawar kwamfuta ko shagon buga takardu mai maus 50 ko 100, ban ga hujjar wannan kashe kuɗi ba. Ga akanta mai jadawali mai layi dubbai, ko mai rubuta manhaja, ko irina da ke wuni a cikin kundi, hujjar tana nan, domin gajiyar yatsa da wuyan hannu gaskiya ce, kuma cilla taya sau ɗaya ka sauka a babi na biyar ba ado ba ne.

Abin da na fi so in gani, wanda nake ganin ya fi dacewa da mu, shi ne na tsakiya: gaɓar maganaɗisu tsayayya mara koyil, da ƙirgar ma'aunin Hall a rufe ruf. Babu canza hali, babu gudu, amma babu farcen da zai yi dauɗa, babu sifirin da zai cinye. Ba abin da ya fi ƙarfin ɗalibin injiniya a Samaru ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ba ne. Mataccen hadis na kwamfuta, wato ma'ajiyar bayananta, yana ɗauke da niyodimiyam mai ƙarfi, tsohuwar firinta na iya ba da boris da sanda, mai injin yanka ƙarfe zai fitar da taya mai haƙori 24. Ma'auni irin AS5600 yana raba zagaye ɗaya gida 4,096, ƙaramin allon Arduino mai iya magana da kwamfuta a matsayin maus zai kai saƙon. Aikin gaske yana wajen ratar: jan maganaɗisu yana faɗuwa da sauri ƙwarai in an ɗan nisanta, don haka kaurin takarda ɗaya na iya raba gaɓa mai daɗi da wadda ba a ji, kuma in tayar ta ɗan karkace, gefe ɗaya zai yi tauri ɗayan ya yi sako-sako. Wanda ya zauna ya auna ƙarfin murzawa a rata daban-daban da siffar haƙori daban-daban, ya ba mutane 20 su taɓa su faɗi wadda yatsansu ya fi yarda da ita, ya yi binciken da ya cancanci kundi.

Maus ɗina dai Injiniya ya fara gwada wanke shi. Ya ɗiga sifirit a cikin akwatin, ya yi ta murzawa gaba da baya, ya bari ya bushe. Ya yi mini mako uku lafiya, sannan tsallen ya dawo. Da na koma sai ya auna tsayin akwatin, milimita 11, ya tono irinsa daga kwalin matattun maus da ke ƙarƙashin teburinsa, ya narka dalma ya sauya.

"Wannan zai kai ka damina, Malam. In ka tashi aiki ka riƙa rufe shi da ƙyalle."

Gaɓar sabon ta fi ta tsohon tauri kaɗan. Kwana biyu yatsana yana lura da bambancin, a na uku ya daina.